Dayarina da Gonar Gwaggo

Na daɗe ina jujjuya maganar nan a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau da yawa nakan ɗauki biro in sake ajiyewa. Karatuna na boko bai wuce firamare ba, sai na allo da na yi gwargwadon hali, ga shi kuma abin da zan faɗa ba wani babban abu ba ne. Labarin littafi ne kawai, irin wanda ake kira dayari, mai kwanan wata a saman kowane shafi. Na yi ta tunanin kada a ce magidanci guda ya rasa abin yi sai labarin takarda. Na kuma ji tsoron kada in faɗi wani abu da ya shafi addini ba daidai ba, wani ya ɗauka ya yi aiki da shi, alhakin ya hau kaina. Abin da ya sa na daure, akwai tambayar da har yau ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba, kuma ba ta tambayuwa sai na faɗi yadda aka yi tun daga farko.

Ni manomi ne a wani ƙauye da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo. Ina da bijimai biyu da garma, idan damina ta zo ina yi wa mutane huɗa. Al'adar wurinmu ita ce wanda ya riga faɗa shi ake riga yi wa. Tun da bazara mutum zai tare ka a ƙofar masallaci, ko a kasuwa, ko wajen suna, ya ce, "Malam, a sa ni a layi." Da ka ce to, shi ke nan, ya zama alkawari. Ni kuwa Allah Ya yi ni mai fargaba. In na ce wa mutum to, sai in wuni ina nanatawa a zuci, kada in manta, kada in sa wani a gaban wani.

Ɗan Gwaggo ne ya kawo mini dayarin. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ɗan nata kuma taubashina, yana aiki a Kano, tsakanina da shi sai tsokana. Ya zo hutun Sallah ya miƙo mini yana cewa, "Ungo, bawana. Tunda kanka rariya ne, ga abin tara."

Na yi kwanaki ina kallon littafin kafin in sa masa biro. A farkonsa akwai taswirar duniya, da lambobin wayar ƙasashen da ban taɓa jin sunansu ba. Kowane shafi kuma an jera awoyi daga sama har ƙasa, kowace awa da layinta. Abin ya ɗaure mini kai. Na riƙa tunanin wane irin mutum aka yi wa wannan littafi, wanda tun yanzu ya san abin da zai yi da hantsin wata rana da watanta bai ma tsaya ba. Har yau ina so in ga irin mutumin nan da idona, in tambaye shi ko ruwa bai taɓa ɓata masa shiri ba.

Da na fara rubutu sai na bi yadda aka koya mana. A saman kowane shafi na rubuta Bisimilla da Larabci. Kowane suna na sa, sai in bi shi da "in sha Allahu", don ban ga yadda zan rubuta cewa zan yi abu ran kaza ba tare da na jingina shi ga Mai ranar ba. To, ruwa bai san kwanan watan da aka buga a Turai ba. In na sa mutum ran Talata, sai hadari ya haɗu ya watse, a kai Asabar ba a ga ɗigo ba. Sai in soke sunansa in mayar da shi gaba. Amma sunan kawai nake sokewa, ba na iya jan biro a kan sunan Allah. Kafin damina ta raba, shafuka sun cika da "in sha Allahu" tsaye su kaɗai, kowanne da baƙin tabo a gefensa, mutum ɗaya kuma sai ka same shi a wurare barkatai. Da shekarar ta ƙare ban sake littafi ba, na ci gaba da cusa sababbin sunaye a duk inda na ga fili.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Dayarin ya zama wurin ajiyar duk takardar da nake jin nauyin yarwa. Katin ɗaurin aure, saboda Bisimillar da ke samansa. Takardar lokutan salla. Takardar da malamin dabbobi ya rubuta mini. Sai kuma waɗanda nake tsinta a hanya, don ba na iya wuce guntuwar takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, ko da ta jikin kwalin dabino ce. Littafin ya kumbura har ya ƙi rufuwa, na yanko robar tayar keke na ɗaure shi.

Maiɗakina ta ga haka wata rana ina fita da shi a hammata, ta ce, "Malam, cikin nan wata nawa ne? In ya sauka lafiya a ba ni ɗan in goya."

Na ce, "Ke dai ki yi ta dariya. Alkawuran mutane ne a ciki."

Ta ce, "Ai shi ya sa na tambaya. Su mutanen suna iya numfashi kuwa?"

A bazarar da nake ba da labarinta, Gwaggo ta zo gidanmu da ƙafa daga wajen ƙauyen da ake kira Turawa, cikin zafin nan da ke zuwa gab da faɗuwar ruwa. Aka shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, aka kawo ruwa. Na durƙusa muka gaisa, ta tambayi yara, ta tambayi shanu, ta tambayi ciwon bayan da na yi tun bara, ni ma na tambayi ƙafarta da maƙwabtanta. Sunan kakana gare ni, wato mahaifinta, don haka ba ta kama sunana, Babana take ce mini.

Ta ce, "Babana, wancan taubashin naka na birni ya tayar mini da hankali."

Tun da mijinta ya rasu aka sayar da shanunsa, take noma 'yar gonarta ta gyaɗa da taimakon duk wanda ya samu sarari. Bara ba a yi mata huɗa a kan kari ba, gyaɗar ta fito tsilli-tsilli. Shi ne ɗan ya ce in bana ma haka ta faru, zai ba da aron gonar ya tafi da ita Kano ta huta.

Ta ce, "In huta da me? A ajiye ni a ɗaki kamar buhu, in riƙa kallon fanka? A gonar nan na yaye shi fa. Kai ka san ta, jigawa ce. In an yi ruwa yau, gobe take so. In ka bari jibi, ka zo ka sha ƙura."

Gaskiya ta faɗa. Ƙasar jigawa rairayi ce, ba ta riƙe laima. In ba a tayar da kunya an shuka tana da danshi ba, iri sai ya zauna a ciki rana ta gasa shi.

Na ce, "Gwaggo, bari in duba."

Ina jan robar sai ta tsinke. Takardu suka watse a tsakar gida, iskar bazara ta ɗebe su, kaji suka taso suna zaton hatsi ne. Ban san sanda na miƙe ina bin su ina kora ba, ina ta salati, hankalina duk yana kan kada kaza ta taka sunan Allah. Gwaggo ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafi, tana cewa, "Babana, ashe haka kake da gudu?" Da na gama tsincewa na zauna neman wanda yake farkon layi, la'asar ta yi ban gama warware sunayen ba. Abu ɗaya dai na tabbatar: kowa ya riga Gwaggo faɗa, ita ce ta ƙarshe. In aka bi layi, sai ƙasarta ta bushe ta sake bushewa kafin in iso.

Ta tafi ban ce mata e ba, ban ce mata a'a ba. Na raka ta bakin hanya, ta ce, "Kada ka ci amanar kowa saboda ni. Amma kada ka manta da ni."

Washegari na ga cewa ko me zan yi, sai na fara rage wa littafin kaya, in ga abin da ke cikinsa tukuna. To, in kai takardun ina? Bola dai ba zai yiwu ba. Bayan sallar azahar na tsaya na jira mutane suka ragu, na matsa kusa da limaminmu.

Na ce, "Allah gafarta Malam, takarda mai sunan Allah in ta tsufa yaya ake yi da ita?"

Ya ce a binne ta a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona ta da niyyar kare ta. Wannan abin da na fahimta ke nan, in akwai kuskure daga kunnena ne.

Na ce, "In an ƙona, tokar fa? Iska za ta iya kai ta kwata."

Ya ce, "To ka binne."

Na ce, "Allah gafarta, mu nan ina ne ba a takawa? Inda mutum bai taka ba saniya ta taka. Ga gara kuma."

Ya yi murmushi ya ce, "Kai dai in aka ba ka Aljanna sai ka tambayi ina za a ajiye takalmi." Na tambaye shi ko dole ne in rubuta in sha Allahu a gaban kowane suna. Ya ce faɗa da baki ya wadatar, zuciya ake dubawa ba biro ba. Wannan kam ta sauke mini kaya, duk da na sake komawa bayan kwana kaɗan na tambaye shi ko na ji daidai.

Da safe muka shimfiɗa tabarma a zaure ni da maiɗakina, muka rufe ƙofa saboda iska da kaji. Na sa reza na yanke taswirar duniya da lambobin ƙasashe, na ba ta ta ɗaure daddawa da su, bayan na duba gaba da baya. Masu sunan Allah muka tara su gefe guda a kan faifai mai tsabta. Tsofaffin shafukan da aikinsu ya wuce su ma na yanke su a hankali, suka bi faifan. Sunayen bana kuma nakan karanta da ƙarfi in kwafe a takarda ɗaya. Ita kuwa duk sunan da na kira sai ta yi masa sharhi, don ba ta iya zama shiru.

Da na kira na farkon layi, wani dattijo Bafulatani da ke zaune wajen Beli, wanda a hannunsa na sayi bijimaina, muna ce masa Baffa, sai ta ce, "Ai wannan ne bara ka dawo mini da wando kamar an tsoma shi a kunu."

Na tsaya da biro a hannu. Gonar Baffa laka ce, baƙar ƙasa mai nauyi, ga takin shanu ya ratsa ta. Bara washegarin ruwa na je masa saboda shi ne na farko, garma ta riƙa ɗaukar taɓo, shanu suna nutsewa, na wahala na wahalar da su, ban yi rabi ba. Irin ƙasarsa sai ta sha iska ta ɗan tsane take ba da kunya mai kyau. Na sake bin sunayen, wannan karon ba ina tambayar wa ya riga wa ba, ina tambayar wace irin ƙasa gare shi. Sai na ga abin mamaki: ranar da jigawa take nema, laka ba ta son ta. Ranar da laka ta yi daidai, jigawa ta riga ta wuce. Shekara da shekaru ina jera mutane, ashe gonakin ma da nasu layin.

Sai dai alkawari ba na ƙasa ba ne, na mutane ne. Ba ni da ikon ɗaga kowa daga inda yake sai da yardarsa. Na hau keke na nufi wajen Baffa, ina ta shirya magana a hanya ina rushewa.

Na same shi a inuwar ɗorawa yana tufka igiya. Muka gaisa, ya tambayi bijiman da sunayen da ya raɗa musu tun suna maruƙa, aka kawo mini kindirmo a ƙwarya. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

Ya ce, "Kaɗo, ba nono ya kawo ka ba. Faɗi."

Na faɗa masa komai, har da maganar Gwaggo, don ban so ya yarda a kan abin da bai sani ba.

Ya ce, "Wato abin da ka ba ni da bakinka ka zo karɓa."

Na ce, "Roƙo na zo, Baffa. In ka ce a'a, kai ne na farko, ba zan sake tayar da maganar ba."

Ya ci gaba da tufkarsa kamar bai ji ba. Can ya ce, "Littafin ne ya ce ka zo, ko kai?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "To na yarda. Da littafin ne da ban yarda ba, don ban san iyayensa ba. Je ka yi wa tsohuwa. Bara ma tausayin shanun nan ya hana ni cin abinci, kunyar korar ka na ji."

Haka na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, wasu a gona, wasu ranar kasuwar Ƙaraye. Masu laka duk suka yarda, wasu har da dariya. Mutum ɗaya ne ya ƙi, wani maƙwabcina wanda shi ma gonarsa jigawa ce. Ya ce ya riga Gwaggo faɗa kuma ƙasarsa ba ta fi tata haƙuri ba. Ban ga laifinsa ba, gaskiyarsa ce. Na bar shi a gabanta.

Sannan na zauna na mayar da dayarin nawa. Na jiƙa ƙaro na manne 'yan farare takardu a kan kwanan watan da aka buga. A wani sashe na rubuta "Washegarin ruwa", na jera masu jigawa. A wani na rubuta "In ƙasa ta sha iska", na jera masu laka. Masu ƙasa tsaka-tsaki suka samu nasu wurin. A cikin kowane sashe wanda ya riga faɗa shi ne a sama, yadda aka saba. Maiɗakina ta ba ni ragowar zaren hula, ja da baƙi da kore, na liƙa a bakin kowane sashe yadda ko da hannu mai taɓo zan buɗe inda nake so. Ta ɗinka masa riga da buhun taki saboda ruwa. Bisimilla guda na rubuta a shafin farko. Littafin ya rame har yana shiga aljihun 'yar shara.

Ruwan da muke jira ya sauka wata rana da yamma, mai ƙarfi, har kwatami ya cika. Da asuba ina idar da salla na ɗaura wa bijimai karkiya na shiga gonar maƙwabcina. Ban yi masa aikin gaggawa ba, na tsaya na yi masa kunyoyi yadda zan yi wa kaina, amma Allah Ya sani idona yana kan rana. Gari ya waye tas babu gajimare ko ɗaya, irin ranar da ke shanye laima kamar da baki. Da na gama na kora shanu zuwa Turawa, ina kallon saman ƙasar hanya yana fari-fari.

Na tarar da Gwaggo zaune a bakin gona da ƙwaryar iri a cinya, ta ɗora mayafi a ka. Ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Na durƙusa na tona ƙasa da hannu, na damƙo ta ƙasan na matse. Na buɗe tafina. Ta dunƙule, ba ta warwatse ba.

Gwaggo ta ce, "Babana, addu'a kake yi mata ko huɗa ka zo?"

Na sa garma. Ina tayar da kunya tana bina a baya tana jefa iri tana take shi da diddige, ba ta yarda ta huta ba sai da na rantse ni ma zan tsaya. Kafin la'asar mun fita ƙarshen gonar. Baffa kuwa na je masa bayan ƙasarsa ta tsane, garma ta riƙa tafiya kamar a cikin tuwo mai laushi, ya tsaya a gefe yana yi wa bijiman kirari da Fulatanci.

Gyaɗar Gwaggo ta fito layi-layi babu giɓi. Da ta rufe ƙasa ɗanta ya zo daga Kano, ta ja shi har gonar da takalminsa mai ƙyalli. Ya zagaya ya dawo bai sake tayar da maganar tafiya da ita Kano ba. Da ya biyo ta gidanmu ya ga dayarin, sai ya juya shi gaba da baya ya ce, "Bawana, littafin da na ba ka ne ka yi wa kaciya haka?" Gwaggo dai tana ɗakinta har yanzu, ta ce in sa ta a layin baɗi tun yanzu, na kuwa sa ta a saman jan zare, sashen masu jigawa.

Saura takardun kan faifai. Ban ƙona ba, ban binne ba. Na naɗe su a farin ƙyalle na sa a sabuwar tukunya, na rufe bakinta da yumɓu na ɗora a can saman rumbu. Kullum na wuce sai na ɗaga kai, kuma tun daga lokacin na tsinci wasu a hanya, suna aljihun rigata ban san inda zan kai su ba.

Shi ne nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, malami ko wanda ya zauna da tsofaffi, ya taimake ni da abin da ya sani. A garinku yaya ake yi da irin waɗannan takardu in sun taru? Na tuna ina yaro nakan ga an soke guntayen rubutu a jikin jinkar masallaci da ramukan katanga, amma ban taɓa tambayar inda suke ƙarewa ba in jinkar ta tsufa aka sauke ta, waɗanda zan tambaya kuma sun riga mu gidan gaskiya. In akwai wanda ya ga yadda ake yi da idonsa, don Allah ya aiko da bayani ta hannun masu zuwa kasuwar Rogo ko ta Ƙaraye, a ce a ba mai shanun huɗa mai littafin da aka ɗinka wa rigar buhu. Za a gane ni. Ina so in sauko da tukunyar nan kafin gara ta riga ni.